Saƙon da Ban Ji Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki.

Inna, akwai abin da na ɓoye miki. Tun da idanunki suka yi rauni, duk Asabar ɗin da na taso daga Mafara na zo Morai gaishe ki, nakan zauna bakin tabarmarki in sunkuyar da kai. Ke kin ɗauka ladabi ne. Waya ce a cinyata, ina duba mutum nawa suka yaba rubutun da na sa. Ni da nake ƙwace wayoyin ɗalibaina a aji, ina yi musu nasiha.

Ranar zaman makoki maƙwabtanki suka faɗa mini abin da kike cewa: "Duk bokon da Malam yay yi, bai taɓa ɗaga kai ya dube ni ba." Suna ta sa mini albarka, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina.

A zuwana na ƙarshe kin daɗe kina magana. Na tuna kin ambaci ƙanwarki, Inna Hajo ta Damaga, wadda kuka shekara shida ba ku gaisa ba. Na tuna ina ta cewa "to, Inna". Iyakar abin da na riƙe ke nan. Ranar wani ne ya musa mini magana a Fesbuk, ina rubuta masa raddi.

Shekaranjiya Inna Hajo ta aiko direban motar kasuwa. Wai kafin ki rasu kin aika mata cewa kin ba ni saƙo gare ta, kuma tana jira.

Na yi tunanin in ce mata kin yafe mata. Wataƙila ma shi ne saƙon. Amma ban ji da kunnena ba, kuma ba zan yi miki ƙarya kina kabari ba. Gobe zan tafi Damaga in durƙusa gabanta, in ce: 'yar'uwarki ta ba ni amana, na yar, don ban saurari saƙon ba.

Ki yafe mini, Innata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya haɗa ku da Inna Hajo a Aljanna, ki faɗa mata da bakinki.

Ɗanki,
Malam