Hoton Baba Marar Kala

Alhamis, bayan isha'i, Boɗinga

Sai yanzu na samu zama. Da safe na ɗauki Baba hoto a rumfar albasarsa, na cire kalar, na ƙara duhu a bayansa har farin gemunsa ya fito fes. Daɗi ya ɗebe ni, na ɗora a sitatus ban rubuta komai ba.

Na manta mutanenmu in suka ga hoton tsoho baƙi da fari, rasuwa suke ɗauka.

Kira ya yi ta shigowa, kowa da salati. Kafin in gama bayani, Gwaggo ƙanwar Baba, mai hawan jini, ta baro Shagari tana kuka, wayarta a kashe. Na kama hanyar gida, ina addu'a kada ta faɗi.

Na iske su zaure, ta riƙe hannunsa, dariya da hawaye. Na sha faɗa, kuma na cancanta.

Baba ya daɗe yana duban hoton. Ya ce, "Na yi kyau. Aje shi. Randa tawa ta zo, wanga za ka sa."

Na aje. Allah Ya sa ya daɗe a aje.