Ƙofar Jirgi Ta Ƙi Sauka

Zulai'atu,

Kin tafi ɗibar ruwa, na kasa jiranki. Ƙofar babban jirgin fito, wadda ake saukewa kamar gada motoci su hau, ta maƙale a sama tun asuba. 'Yan kasuwar Wara sun cika bakin ruwa da buhunansu, kowa kwalekwale yake nema. Har Alhaji Abba, mai kiran kwalekwalena akushi, ya aiko wai a gaida Sarkin Ruwa, wato ni. Dariya ta hana ni karyawa.

Ki yi haƙuri, na ɗauki sabuwar ƙwaryarki ta fura don kwalfe ruwa, akushin na ɗan yoyo. Kada kowa ya ji.

In mai gyaran ƙofar ya biyo yana tambayar hanya, ki nuna masa ta Shanga, can nesa da bakin ruwanmu.

Gambo