Madubin Bindigar Kawu Sale

Daren Laraba, Guangzhou

Idon Kawu Sale ya yi rauni, farauta na neman gagararsa, shi ya sa ya ce in sayo masa madubin bindiga mai araha. A wani shago a unguwar Tianhe na nuna wani ƙato, matar shagon ta hana ni. Wayarta ta fassara min: "Lawban (wato maigida), da rana kowane madubi yana gani. Dawo da magariba, lokacin fitowar dabbobi."

Na ji haushi, amma na koma. Da na leƙa waje da shi ta taga, ƙaton ya dushe, wani ƙarami da ta miƙo min kuwa har rigar da aka shanya a bene mai nisa ya nuna min tar.

Wallahi ta burge ni. Ba ta san Kawu ba, amma ta fi ni kula da idonsa.