Shirun Yaya a Hannun Geng

Kaifeng, watan Rajab

Zuwa ga ƙanwata Shulan,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yarki Ning.

Na bi umarninki, ko da yake ni ce babba. Na je wurin Geng, makauniyar nan mai tausa a bayan layin masu miyar rago. Kin san halin da nake ciki. Tun sanyin bara gwiwata ta hana ni sujada, a kan kujera nake salla, ni da nake koya wa matan masallacinmu yadda ake kai goshi ƙasa. Idan azumi ya same ni a kujerar nan, zan miƙa jagorancin matan ga wata.

Geng ta danna, ta murza, ta bi jijiya har ƙwauri. Na cije haƙori, ko tari ban yi ba, domin a ganina kai kukan ciwo ga bawa raunin haƙuri ne. Sai ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, kina nan ko kin fita? Idan gungume aka kawo mini, shagon kafinta yana gaba."

Na sha komawa, har yau babu sauƙi. Ina tambayar kaina ko neman sauƙin nan ba gudun jarrabawa ba ne.

Yayarki mai yi miki addu'a,
Shuzhen

Zhengzhou

Yaya,

Wa alaikumus salam. Lafiyarmu ƙalau, sai dai gurasata ta ƙone a mai saboda dariyar wasiƙarki.

Baiwar Allah ba ta ganin fuskarki, kin kuma ɗinke baki. Da me za ta gane inda ke miki ciwo, da duba?

Na karanta wa Ning, tunda aikinta ke nan a asibiti, ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ta ce ciwon da ya daɗe ba a gwiwa kaɗai yake zama ba. Ƙwaƙwalwa takan koma kamar karen gadin da ɓarawo ya taɓa firgitawa, ko ganye ya faɗi sai haushi. Tausa ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye, karen take lallashi. Ke kuwa duk cije haƙorin da kika yi, ce masa kike ɓarawon yana cikin gida. Dole hannu ya tsaya inda wurin ya yi tsami, kafin ya zama azaba, kuma ke kaɗai kika san iyakar.

Tun muna yara kike shan maganin ɗaci kina cewa zuma ce. Buɗe bakin nan, Yaya.

Taki,
Shulan

Kaifeng, watan Sha'aban

Ƙanwata,

Aminci ya tabbata a gare ku. Wasiƙarki ta ɓata mini rai, daga baya na ga gaskiyarta. Na auna shiruna, na kasa rabe wanne ne don Allah, wanne ne don a ce Malama ba ta raki.

Da na koma, yatsanta ya sauka a gefen ƙoƙon gwiwa. Na ce, "Nan ne. Da zafi."

Ta ce, "Ashe gungumen yana da harshe. Sannu da zuwa, Malama."

Ta sassauta kaɗan, ta ce in saki numfashi. Zafin ya koma tsami, tsamin ya koma ɗumi. Yanzu tana tambaya ina amsawa, har ta ce na fara damunta da surutu. Ina hawa matakalar masallaci ba tare da na dafa bango ba. Sujada dai tukuna.

Ki gode wa Ning. Allah ya yi mata albarka.

Yayarki,
Shuzhen

Kaifeng, farkon azumi

Shulan,

Salama da godiya.

Na je asibiti, likita ya ɗauki hoton gwiwar, ya ce ƙashin yana nan yadda yake, bai gyaru ba. Amma jiya goshina ya taɓa tabarma, matan suna sahu tare da ni. Na daɗe ban ɗago ba. Alhamdu lillahi.

Bayan sallama tashi ya gagare ni. Na ce wa wadda ke kusa da ni, "Kama ni, 'yar'uwa."

Ta kama ni.

Yayarki,
Shuzhen