Kilomita na Sha Huɗu

Talata, 3 ga Satumba

Saura kwana goma sha biyu a yi tseren gudu na ƙauyenmu. Mutum ɗari uku da sha ɗaya sun rubuta suna, har daga birnin Saigon. Kawu Dang, shugaban kwamitin ƙauye, sai washe baki yake, wai bana baƙi za su ci inabinmu a gindin rumfa. Shi nasa surutu ne. Fitar da hanyar tseren kuwa an jibga wa malamar motsa jiki, wato ni, tunda ni ce mahaukaciyar da ke gudu da sassafe ba wanda ya koro ta.

Kilomita ashirin da ɗaya. Daga filin makaranta a bi bakin teku, a ratsa gonakin tafarnuwa, a hau tudu, a gangaro cikin gonakin inabi. Duk na auna, na ɗaura jajayen ƙyallaye. Matsalar tana kilomita na sha huɗu. Daga tudu zuwa ƙauye hanya biyu ce rak: ko a bi cikin busasshiyar ƙorama, mita ɗari shida tsakanin gaɓa biyu, ko a bi ta gonar yayana Luom. Na ɗaura ƙyallayen a ƙorama.

Alhamis, 5 ga Satumba

Na gwada ƙoramar da agogo. Ni minti huɗu. Mai jan ƙafa zai yi goma. Gaɓar ta fi tsayina, kuma ba wurin hawa sai an kai ƙarshe. Amma yashin a bushe yake ƙamas.

Lambata ta shiga tsere ta iso. Lamba ɗaya suka ba ni. Na maƙala ta a jikin madubi, ina ta kallonta kamar yarinya da sabon takalmi. Shekara bakwai rabona da shiga tsere.

Asabar, 7 ga Satumba

Hadari a kan dutse tun hantsi. A ƙauye ko ɗigo.

Kawu Dang ya tare ni a shagon kofi. “Thoa, kin ga saman can kuwa? Ki je ki roƙi yayanki mana. Ba ciki ɗaya kuka fito ba?” Na ce ƙorama lafiyarta ƙalau. Ya ce ya shiga uku da jinin gidanmu, wai ko akuyarmu taurin kai gare ta. Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi, don kada a ga komai a fuskata.

Na san ƙoramar nan. Ruwanta ba ya jiran a yi ruwa a nan. A kan dutse ake yi, ita kuma ta kawo shi ba sallama.

Lahadi, 8 ga Satumba

Bari in rubuta shi sau ɗaya in huta. Baba yana kwance, ni kuma ina da tsere a birnin Hue. Ya ce, “Tafi, Auta, ina nan.” Na tafi. Na zo ta uku. Ina cikin motar dawowa da lambar tagulla a jaka ya cika, ran 2 ga Oktoba. Kafin in iso an rufe akwati.

An binne shi a tsakiyar gonar, inda ya zaɓa. Ranar a bakin ƙofa Yaya ya ce, “Ki ci gaba da gudunki. Ƙafar nan kada ta sake taka gonar nan.” Ban sake takawa ba. Kullum in na zo kusa sai in yi kwana ta bayan gidan tumaki, ƙarin mita ɗari takwas, siririyar turba ce da ba ta ɗaukar taro. Ina gaya wa mutane don hawan tudun nake yi.

Talata, 10 ga Satumba

Na haɗu da Tuyet matar Yaya a kasuwa. Kwandonta cike da sandunan turare da shinkafa mai danƙo. Na ce hidimar me ake? Ta kalle ni kamar na zage ta.

“Lahadi ranar tunawa da rasuwar Baba ce, Thoa. Sha uku ga wata na takwas.”

Na ce ai sai Oktoba. Ta ce, “Oktoba a kalandar makarantarku. Mamaci da wata ake lissafa masa, ke ma kin sani.”

Na sani. Ko yaran ajina sun sani. Amma tunda aka daina kirana hidimar, 2 ga Oktoba nake kunna turarena ni kaɗai a ɗaki, har na daina duba ƙananan lambobin lissafin wata da ke ƙasan kalanda. Kuma ni na zaɓi ranar tseren, ni na sa hannu. Tuyet ta ce tun da aka liƙa takardar sanarwa Yaya bai ci abincin kirki ba. Cewa yake da gangan na yi.

Kunya kamar ƙasa ta tsage. Na baro kifin da na saya a kan teburin mai kifi.

Laraba, 11 ga Satumba

Hadari kuma. Ban fita gudu ba.

Alhamis, 12 ga Satumba



Ƙarfe shida da rabi ina tsakiyar ƙorama ina gyara ƙyallaye. Rana tarwai. Sai na ji wata ƙara kamar babbar mota tana tahowa, kuma iska ta kawo warin laka. Ban waiwaya ba. Ban taɓa gudu irin na yau ba, ko a Hue. Da na kama saiwar bishiya na haye, ruwa ya riga ya kai min gwiwa, ja, da itatuwa a ciki. Ya tafi da takalmina ɗaya. Kafin in mayar da numfashi ya shafe duwatsun da na ɗaura wa ƙyallaye.

Can a bakin shingensa na hango Yaya da almakashin inabi a hannu. Ya gani. Bai koma ciki ba sai da na miƙe tsaye.

A cikin masu suna akwai tsoho ɗan shekara sittin da takwas. Akwai mata biyu da suka rubuta cewa wannan ne tserensu na farko.

Juma’a, 13 ga Satumba

Kawu Dang ya ce ruwa ya janye, kafin Lahadi ƙoramar za ta bushe, ba a fasa komai, baƙi sun kama ɗakuna. Na ce ko za a kore ni daga ƙauyen nan, ba zan tura mutum ɗaya cikin ramin can ba. Ya ce to in nemo hanya.

Na je gonar Yaya. Na tsaya a wajen ƙofa, yatsun ƙafata daidai bakin layi. Ya daɗe yana yankan inabi kafin ya fito.

“Yaya, hanya nake roƙo.”

“Wace rana ubanki ya mutu?”

Na faɗa, da lissafin wata. Ya ce, “Tuyet ta koya miki.” Na ce e.

“Mutum ɗari uku da gajerun wanduna, su yi ta tsalle a gaban kabarinsa ranar da ruhinsa yake dawowa cin abinci a gida. Ƙura ta bi inabin da zan yanke washegari. Wannan kike roƙo?”

Na ce ba don ni ba. Ya ce, “Ke dama yaushe abu ya taɓa zama don ke.” Ya rufe ƙofa. Na tsaya a wurin har sauro ya fara cizona, ban san me nake jira ba.

Asabar, 14 ga Satumba

Motocin baƙi sun cika filin makaranta. Na kwance ragowar ƙyallayen ƙorama da hannuna. Da rana na rubuta sanarwar fasa tsere, saura in kai wa Kawu.

Wajen ƙarfe huɗu sai ga Tuyet a kan babur, ko injin ba ta kashe ba. Saƙon Yaya, sharaɗi biyu. Daga ƙofar gona zuwa ƙofar fita ba mai gudu, kowa tafiya zai yi, hula a hannu. Na ce na yarda. Na biyu, ni ba zan shiga tseren ba. In zo da sassafe in kama girkin ranar Baba kamar kowace ’ya.

Na kalli lambar a jikin madubi. Tuyet ta ce, “Man babur ɗina yana ƙonewa fa.” Na ce ki gaya masa zan zo.

Kawu Dang ya kusa haɗiye sigarinsa. “Tseren da ake tafiya a tsakiyarsa? Za a yi mana dariya har Hanoi!” Na ce su yi.

Lahadi, 15 ga Satumba

Na dafa kaza, na naɗe shinkafa a ganye. Hannuna bai manta yadda Baba yake son miyar kifi ba, da tsami sosai.

Bakwai saura kwata na farkon masu tseren ya iso, wani dogo, yana duba agogo yana tsaki. Yaya yana tsaye a ƙofa cikin farar riga. Kallo ɗaya ya yi masa, dogon ya cire hula. Rumfar inabin ma gajeruwa ce, dole kowa ya sunkuya. Haka suka yi ta wucewa ƙarƙashin inabi, shiru, sai haki. Wasu sun haɗa tafin hannu a gaban kabarin. Tsohon nan ya tsaya ya nemi sandar turare ɗaya. Ƙafafuna kuwa sai motsi suke su kaɗai a ƙarƙashin tire, har Tuyet ta taka ni.

Da na ƙarshe ya fita, Yaya ya kunna turare uku ya miƙo min ba tare da ya kalle ni ba. Kabarin ya fi yadda nake zato ƙanƙanta. Ya gyara murya, ya ce, “Baba, ga Auta. Yau ta tsaya.”

Na soka turaren a gaban kabarin. Hayaƙi ya shiga min ido.

Ƙorama ko ɗigo ba ta kawo ba duk yini. Kawu Dang ya faɗa min haka sau uku, bakinsa cike da kazar da na dafa.

Talata, 17 ga Satumba

Na fita gudu. Gwiwata ta hagu tana ɗan ciwo, shi ya sa ban bi ta bayan gidan tumaki ba. Ƙofar gonar a buɗe take, an tokare ta da dutse. Wataƙila saboda masu ɗibar inabi ne.

Na cire hula, na shiga, na ratsa gonar da tafiya. Lokacina ya lalace da minti shida.