Kwat Ɗin Shagona Ta Raba Ni da Aminina

Malama Yagana, don Allah ki taimake ni da shawara. Da furfurata da komai na jawo wa kaina magana, na rasa yadda zan yi da ita.

Ni mai hoto ne a nan garin Diffa tun ina saurayi. A hannun Malam Ezekiel na koya, wani mutumin Dogondutsi, kuma da zai koma gida ya bar mini kyamararsa Yashica. Har yau tana aiki, fim ɗinta ne ya gagara samu. Baƙi-da-fari ni nake wankewa a ɗakin duhu, mai kala kuwa sai an aika Maiduguri a yi ta jira. Lokacin shanyar tattasai nakan hau moto in bi Chétimari da ƙauyukan bakin Komadugu, don manomi bai fi son hoto ba kamar ranar da gonarsa ta yi ja. Yanzu Nikon nake riƙe da ita, ta hannu ce amma ta fi wayoyin yaran nan da ke mayar da kowa fari fat kamar an shafa masa gari.

Ban taɓa zubar da fim ba, duk suna cikin akwatunan ƙarfe. Ɗiyata Mariama ce ta buɗe mini shafi a Facebook, na fara fito da tsofaffin hotuna ina sawa. Ƙa'idata ɗaya ce, ba na gyara fuskar kowa, yadda na ɗauka haka nake sawa. Abin ya karɓu. Mutanen da suka baro ƙauyukansu gudun hijira suka zauna sansanin Assaga, da yawa ba su fito da hoto ko ɗaya ba. Wata baiwar Allah ta ga mahaifiyarta marigayiya a shafin, ta zo har shago tana kuka, nima sai da na share ido.

To ga inda na taka sawun ɓarawo. A da, shagona akwai kayan aro: kwat mai ruwan ƙasa, agogon hannu da ba ya tafiya, da rediyo. Saurayin da ke neman aure zai saka kwat, ya ɗaura agogo, ya dafa rediyo, in ɗauka a kai gidan yarinya. Kowane hoto gidansa daban, don haka ba wanda ya taɓa lura. Ni kuma da wautata na tara su na jera wuri ɗaya a shafin, na rubuta Samarin Diffa Na Da. Malama, kwat ɗaya, maɓalli ɗaya a cire, rabin dattawan gari a ciki. Yara suka yi ta dariya suna turawa.

A cikinsu akwai aminina, bari in kira shi Babakura. Ashe shi tun kafin aurensa ya gaya wa matarsa Ya Fanna cewa maigidansa ne a Maiduguri ya ba shi kwat ɗin don ƙwazonsa, daga baya kwat ɗin ta faɗa kogi. 'Ya'ya sun ji wannan labari, jikoki sun ji, hoton yana rataye a zaurensa. Yanzu yaran unguwa Baba Mai Kwat suke ce masa. Mutumin da kullum tare muke shan shayi a ƙofar shago ya ɗauke ƙafa. A masallaci da bakin yatsu yake gaishe ni. An ce Ya Fanna ba ta ce komai ba, shirun nata ne ma ya fi damunsa.

Ni dai ban yi ƙarya ba, shi ya yi, kuma hotuna nawa ne. Amma wallahi ina kewarsa, shayin ma ya daina yi mini daɗi. In rufe shafin gaba ɗaya ne? In na rufe, mutanen Assaga fa?

Tsohon Mai Hoto, Diffa

Baba Mai Hoto, sannu da ƙoƙarin ɓoye suna, amma ina jin duk Diffa ta gane ka tun layi na biyu. Ba zan ɓoye maka ba, na yi dariya. Da na gama sai tausayin abokinka ya kama ni.

Kana da gaskiya a wuri ɗaya. Kada ka rufe shafin. Abin da ke cikin akwatunan nan ya wuce kai da Babakura, akwai mutanen da fuskar iyayensu ba ta rage ko'ina ba sai wurinka.

Inda ban yarda da kai ba shi ne batun hotuna naka ne. Fim naka ne, kyamara taka ce, amma saurayin da ya shigo ya ari kwat ya amince maka ne a kan hoton zai tsaya gidan surukai. Bai san wata rana duniya za ta gani ba, kai ma ba ka sani ba. Ƙaryar Babakura kuwa irin ta samari ce, ba ta cuci kowa ba, tsufa kawai ta yi tare da shi har ya kasa sauke ta.

Ga shawarata. Ka cire jerin nan yau, ko da an riga an tura shi, don ya san ka damu. Daga yanzu duk wanda ke raye ka tambaye shi kafin ka sa hotonsa, wanda ya rasu ka tambayi iyalinsa. Zai rage maka sauri, amma za ka samu sunaye da labarai, shafin ya ƙara daraja. In kai ma ka taɓa ɗaukar hoto da kwat ɗin, kuma na tabbata ka taɓa, naka za ka fara sawa, yara su yi dariyarsu a kanka.

Sannan ka je gidansa da ƙafarka, kada ka aika kowa, kada ka jira masallaci. Ka ba shi haƙuri ba tare da ka haɗa da cewa ai shi ya yi ƙarya ba. Batun Ya Fanna kuwa ka kwantar masa da hankali. Matar da ta yi ta wanke masa kaya tun ƙuruciya ta san abin da mijinta ya mallaka, ina kyautata zaton ta daɗe da ganewa ta rufa masa asiri. Abin da ta yi masa shekara da shekaru shi yake jira daga wurinka, kai da ka fi kowa sanin gaskiyar tun ranar farko.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa idonka lafiya.

Yagana