Kada Goggo Atine Ta Tsallaka Yaron

Ƙanena Sharafaddeen,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya jikin Hajiya? Ni lafiya lau. Tun da korona ta cinye aikin ofis, 'yan kallon ƙwallo nake nuna wa hanya a tashar jirgin ƙasa ta Mushairib, nan ƙasar Larabawa. Ƙafa ce kawai ke kumbura, kada Hajiya ta ji.

An ce mini unguwa ta ɗora wa Goggo Atine kama kurwar yaron maƙwabta, wai za a sa ta tsallaka shi. Kada ka yarda. In ta tsallaka, ta amsa laifi ke nan har kabarinta.

Karatun lauya bai tsinana mini komai ba, amma na riƙe abu ɗaya. A Ingila ma an rataye tsofaffi da sunan maita. Ba jama'a suka fara hankali ba, alƙalai ne suka dage sai an kawo shaida, in babu su sallami tsohuwa.

Ka kai yaron asibiti, ka ɗauko Goggo ta zauna a ɗakina na gida. Ita ta goye mu, Sharafu. Da tana cin yara, da mu za ta fara.

Allah ya tsare ku.

Yayanka,
Abdulhakeem